Shekarar da Babanku Ya Sa Wuta a Lambun Jidda

Na san abin da ake faɗa a dangi, domin ni ba kurma ba ce. Ana cewa an koro mu daga Jidda ne saboda babanku ya yi sakaci da wuta, ya ƙona lambun hukuma. Na ji shi a gidan biki, na ji shi a gidan suna, har ranar sadakar ukunsa na ji wata tana raɗa wa 'yar'uwarta a bayan ɗakina, bakinta cike da goron da muka raba. Shekara da shekaru ina haɗiye maganar nan don shi ya ce in haɗiye. To, alkawarin da na yi masa na tsawon ransa ne, yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. Ku tattaro hankalinku ku ji yadda aka yi, musamman kai babban, da ka fi kowa riƙe abin a rai.

Mun yi shekara ashirin da ɗoriya a Jidda, a unguwar Ruwais, ɗaki biyu a saman wani tsohon gini. A nan na haife ku duka. Malam, babanku, yana aiki da wani kamfani mai kula da lambunan shaƙatawa, waɗanda ku kuke kira hadiƙa. Kamfanin ne kafilinsa, wato iƙamarsa, takardar izinin zama, da tamu duka a hannunsu take. Da jan tiyon ban ruwa ya fara, har ya zama shugaban ma'aikata a wani babban lambu can gabas da gari, inda duwatsu suka soma. Idan akwai mutumin da bai san sakaci da wuta ba a duniyar nan, to babanku ne. In ya ƙyasta ashana sai ya tsoma tsinken a ruwa kafin ya yar. Yana tsakiyar cin abinci sai ya miƙe ya je ya duba ko na rufe tukunyar gas. Nakan ce masa, Malam, ni ma fa a gindin murhu aka rene ni, sai ya yi murmushi ya dai je ya duba. Daga arewacin Dakoro ya taso da wannan hali. Mahaifinsa ne ke jagorantar mazan garinsu kowace kaka su share hanyar tare wuta a kewayen makiyaya da rumbuna, kuma yana yaro ya ga abin da wutar daji ta yi wa wata ruga da ba a share wa hanya ba. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin, bai kai ƙarshensa ba.

A shekarar da nake ba ku labari an yi ruwan sama irin wanda Jidda ba ta saba gani ba. Kwana da kwanaki ana zubawa, tituna suka zama gulbi, rufinmu ya yi ta yoyo muna tara robobi. Bayan an ɗauke, sai ƙasar da muka ɗauka matacciya ce ta fitar da abin da ta ɓoye. A bayan lambun akwai wani gangare mai duwatsu da ba a taɓa shuka komai a kai ba. Ciyawa ta rufe shi har ƙugu. Larabawa suka yi ta zuwa da iyalansu suna ɗaukar hoto a ciki, kowa na murna. Babanku kaɗai ne yake dawowa gida da fuska a murtuke. Na tambaye shi, ya ce kore ba ya daɗewa a ƙasar nan. Haka kuwa aka yi, kafin wata uku ciyawar ta bushe ƙamas, in ka taka tana ƙaras-ƙaras. Ga shi kowace Alhamis da Juma'a lambun cike yake da masu gashin nama da masu shisha, in sun tashi su juye garwashin a gindin dutse su tafi abinsu.

Abin da masu gashin nama ba su sani ba, a ƙarshen gangaren akwai doguwar katanga, bayan katangar kuma ƙasa ta faɗa kwari, a cikin kwarin nan akwai mutane. Namu ne, 'yan Nijar da 'yan Cadi, waɗanda suka zo aikin Hajji ba su koma ba, ba mai takarda ko ɗaya a cikinsu. Da falanki da kwali da tsohon kwano suka yi ɗakunansu, a jingine da katangar. Akwai tsofaffi masu tsintar gwangwani, akwai masu jego, akwai awaki. Babbarsu ita ce Inna Kaltume, mutuniyar Damagaram, wadda nake sayen kuka da daddawa a wajenta. In ka tsaya a cikin lambun ba ka ganin komai sai katanga, in ban da wani wuri da ta tsage aka toshe da kwano. Malam ya ce iskar Jidda da rana daga teku take tasowa, ta bi ta kan lambun, ta gangara kai tsaye kan katangar nan. Garwashi ɗaya ya isa. Kafin motar kashe gobara ta fito daga gari, babu abin da za a tarar a kwarin sai kwanuka.

Ya fara bin hanyar da ta dace. Ya sami muhandis, wato injiniyan kamfanin da ke kansu, ya roƙi a yanke ciyawar. Muhandis ya ce injin yanka ba ya hawa duwatsu, ma'aikata shida kuma ba za su gama wannan fili da lauje ba ko a wata biyu, in ma sun gama babu motar kwashewa. Malam ya ce to a ba shi izini ya yi irin na gida, ya ƙone wani siririn layi a gindin katangar tun wuta ba ta zo da kanta ba, in ta zo ta tarar babu abin ci. Muhandis ba mugun mutum ba ne, ya san da mutanen kwarin, ya daɗe yana kawar da kai. Ya ce zai iya rubuta takardar neman izini, amma Malam ya sani, in takarda ta shiga sai an turo masu dubawa, su kuwa ba za su sa hannu ba sai sun leƙa abin da ke bayan katanga. Suna leƙawa, washegari motocin kame ne za su zo. Malam ya ce kada a rubuta. Muhandis ya kakkaɓe hannuwansa ya ce halas, magana ta ƙare, shi bai ji ba, bai gani ba.

Bayan Magariba muna cin tuwo Malam ya faɗa mini abin da ya yanke, zai ƙone layin da kansa ba izini. Ba zan yi muku ƙarya don in gyara kaina ba, ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Na ajiye ludayi na wanke shi tas. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce ga babban yana shekara ta biyun ƙarshe a makaranta, ga Nana da Auta ba su san wata ƙasa ba sai wannan, Hausarsu ma rabi da rabi ce. Na ce mu baƙi ne, wanda ya kunna wuta a filin hukuma ba takarda ya san inda zai kwana. Na ce a gaya wa mutanen kwarin su tashi mana. Ya ce ya gaya musu, Inna Kaltume ta tambaye shi su tashi su je ina. Kai babban kana zaune, ka sa baki da Larabcinka, ka ce ya Baba, wannan ba shugulinka ba ne, wato ba ruwanka. Sai da babanku ya gama suɗe hannunsa ya wanke, sannan ya yi magana.

"Da ban san yadda ake yi ba, da ba ruwana. To na sani. In wuta ta tashi ta cinye su, Allah ba zai tambayi muhandis ba, ni zai tambaya, don ni aka koya wa."

Na yi kwana biyu ba na yi masa magana sai ta bakin Nana. A rana ta uku na ga yana jiƙa buhuna a banɗaki, na ce masa in dai ya rantse sai ya jefa mu a rami, gara in bi shi in ga zurfinsa. Dariya ya yi, ya ce dama akwai aikin da ni kaɗai zan iya.

Mako guda ya yi yana shiri, kuma a makon nan na ga aikin da ban taɓa sanin mijina ya iya ba. Shi da Adamu, wani ɗan Cadi sa'ansa da suke aiki tare, suka ɗauki fartanya da manjagara suka kankare hanyoyi biyu har sai da ƙasa ta fito fes, ɗaya a gindin katanga, ɗaya kamar taku ashirin daga ita, tun daga wannan kusurwa har waccan. Ciyawar da ke tsakaninsu ita za a ƙone. Suka yanyanka ta gida-gida da ƙananan hanyoyi, don kada a kunna fiye da abin da mutum biyu za su iya kashewa. Kullum da asuba yana zuwa ya ɗebi ƙura ya saki ya ga inda ta nufa, har ya tabbatar cewa kafin rana ta ɗaga iskar daga duwatsu take saukowa ta nufi teku, ba ta juyawa sai hantsi. Kwana uku yana ratsa ciyawar da sanda yana bugawa, wai bushiya da tsuntsaye su san an yi musu sallama. Na ce Malam, har da bushiya? Ya ce ita ma ba ta da iƙama.

Sannan ya bi al'adar garinsu, ba a sa wuta sai an sanar da maƙwabta. Ɗaki ɗaki ya bi a kwarin, ya ce a cika durom da ruwa, a ɗaure awaki nesa da katanga, ranar Lahadi kada a hura murhu sai ya aiko. Duk suka amsa. Da ya zo kan abu na ƙarshe ne aka yi ta gardama, domin cewa ya yi ko me suka gani, ko me suka ji, kada kowa ya fito. Ku da kuka tashi a can ba za ku gane nauyin wannan ba. Mutumin ƙasarmu ya ga hayaƙi a kan maƙwabcinsa, a ce ya zauna a ɗaki? Ai kafin a yi kururuwa ya ɗauki bokiti. Mazan suka ce wannan abin kunya ne, a ce Malam na fama da wuta dominsu suna kwance. Ya ce musu gudummawar da yake nema ke nan, don in hayaƙi ya jawo hukuma, mutum ɗaya aka gani da bokiti an gama da kowa. Bai yarda za su iya ba, shi ya sa ya ce in je in zauna a bakin tsagar katangar nan in tsare.

Ranar Lahadi muna idar da Asuba muka isa. Raɓar Jidda ta jiƙa ciyawar, iska kuma tana saukowa a hankali yadda ya ce. Na shiga ɗakin Inna Kaltume, wanda ke manne da tsagar, na sa ido a wata ɓular kwano. Ya yi bisimilla ya kunna daga hanyar da ke ɓangaren lambu, yadda wutar za ta yi tafiya tana fuskantar iska. Ni da na zo da zuciya a hannu ina jiran harshen wuta ya haura katanga, sai na ga abu yana rarrafe, bai wuce gwiwa ba, hayaƙi da tartsatsi duk suna komawa cikin lambu. Malam na gefe ɗaya da ɗanyen reshen dabino, Adamu na ɗaya gefen da jiƙaƙƙen buhu. In ta ɗaga kai ya dafa ta, in ta yi sanyi ya ja ta da tsinken ciyawa. Ko sau ɗaya ban ga ya yi gudu ba. Kamar mai kora shanu zuwa rijiya haka yake tafe da ita, in ta iso hanyar gindin katanga ta mutu da kanta, su bi da buhu su tabbatar, sannan su kunna gida na gaba. Wallahi shekara ashirin da ɗoriya ina aure da mutumin nan, ran nan ne na ji kunyar duk tsiyar da na yi masa a kan tukunyar gas. A bayana kuwa fama nake, sau biyu wani magidanci yana miƙewa da bokiti, sau biyu Inna Kaltume tana nuna masa tabarma da sandarta.

Sun kashe gida na ƙarshe ke nan muka ji jiniya. Ashe wani direba ya hango hayaƙi daga babban titi ya buga waya. Malam ya ce wa Adamu ya ajiye buhu ya koma wajen ban ruwa can gaba, bai ga komai ba. Motar 'yan kwana-kwana ta shigo, ta askarawa na biye. Ba su sami abin kashewa ba. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya sauko ya bi baƙin layin nan da ƙafa, ya duba hanyar nan ya duba waccan, ya tsuguna ya taɓa tokar. Shi da Malam suka tsaya kusa da ni har ina jin numfashinsu. A bayana wata mai jego ta cusa wa jaririnta nono don kada ya yi kuka. Mutumin ya ce wa Malam da Larabci, shekararsa nawa yana aikin wuta bai ga layi mai tsabta irin wannan ba.

"Ya Hajji, wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Ba a yin irin wannan wahala don a kare katanga. Me kake karewa? Gaya mini in rubuta, zai taimake ka."

Na ƙara manna ido a ɓular. Ina ganin ƙeyar babanku da gumi yana bin ta. Kalma ɗaya zai faɗa ya zama mai ceton rai a takarda, ya tsira da aikinsa. Ya sunkuyar da kai.

"Shara na tara na ƙona, sai wutar ta kuɓuce mini. Kuskurena ne."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaga ido ya dubi katangar, ya dubi kwanon da nake bayansa, har na ɗauka idonmu ya haɗu. Sannan ya juya mata baya, ya ciro alƙalami ya rubuta abin da aka gaya masa. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata. Suka sa Malam a mota suka tafi da shi, ni kuma na zauna a ƙasan ɗakin Inna Kaltume. Ita ba ta jin Larabci sosai, ta tambaye ni me aka ce, na ce tambayoyi ne kawai na aiki.

Kwana huɗu ya yi a tsare. Kamfani ba zai riƙe ma'aikacin da takarda ta ce ya yi sakaci da wuta a lambun jama'a ba, aka buga mana huruj, fita ba dawowa. Muhandis ya zo har gida ya yi ta ba da haƙuri, Malam ya ba shi shayi. Da muka je sallama da mutanen kwarin ya ce musu kwantiraginsa ne ya ƙare. A hanyar dawowa ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa abin da na ji ta ɓular kwano ba, har ku. Ya ce yaro ba ya riƙe magana, in ta koma kwarin za su ɗauki nauyin da ba su da inda za su sauke shi, in ta wuce kwarin kuma wahalar ta tashi a banza. Na ce to sunanka fa? Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sauran kun san shi, don a jikinku ya faru. Muka sauka Maradi a gidan wansa. Aka sa ku lakwal, makarantar boko, kuna manya a cikin ƙanana, ba Faransanci, Hausarku ana dariya, ana kiranku 'yan Makka. Nana ta yi wata guda tana kuka tana neman teku. Malam ya koma dashen itatuwa yana sayarwa a bakin hanya. Kai babban, karatun da ka so bai yiwu ba, kuma ba na cewa ba ka yi asara ba, ka yi. Ina tsakar gida ranar da ka ce masa bai ƙona lambu kaɗai ba, har da rayuwarka ya haɗa. Na yunƙura zan yi magana ya dube ni, na koma na zauna. Ranar bai ci abincin dare ba. Daga nan har ya bar duniya gaisuwa ce kawai tsakaninku, ina kallo, abin yana cina.

Wajen shekara guda da dawowarmu wani ya zo daga Umra ya kawo mana kaset daga Inna Kaltume, don a lokacin haka ake aiko da saƙo. Kai babban ba ka gida, da ka dawo na ce an aiko daga Jidda ka ce ba ka son ji. Gaisuwa ce mai tsawo, da labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu. Can a tsakiya, kamar abin da ta tuna a hanya, ta ce af, da zafin nan wata Juma'a da la'asar wuta ta tashi a lambu daga wajen masu gashin nama, ta cinye gangaren nan kaf har da rumfuna da itatuwan dabino, suna jin rurinta suna salati, ta zo kan baƙin layin Malam ta tsaya. Ta ce masu kashewa ma daga cikin lambu suka yi aikinsu suka tafi. Daga nan ta ce ga jama'a za su gaishe ku, aka yi ta miƙa rediyon hannu zuwa hannu, tsofaffi da magidanta da mata, kowa ya faɗi sunansa ya ce a gaida Malam, har da yaran da sai an faɗa musu abin da za su ce. Babanku ya saurara har kaset ya ƙare. Ya ce alhamdulillahi, ya tambaye ni ko na rufe gas.

Kaset ɗin yana nan a ƙasan akwatina, cikin ɗankwalin da na sa ranar Lahadin nan, kuma Auta ta samo rediyon da zai juya shi. Kai ɗan fari ne, tun da na haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba, kunya ta hana. Yau na ajiye kunyar. Abdurrahman, ka zo ka zauna a inda ya zauna ka saurara, ka ƙirga muryoyin da kanka.